Farantin Sola da Ɓauren Nona Jerka

Roko ya murɗa makulli, injin ya ce ƙyat, ya yi shiru. Ya sake murɗawa. Wannan karon ko ƙyat ɗin ma bai samu ba.

"Shi ne jirgin da ka ce tashi ɗaya yake yi?" in ji kakarsa, Nona Jerka, tana zaune a baya rungume da kwandon ɓaure.

"Barci yake, Nona. Ke ma ai sai an taɓa ki sau biyu."

Baki ne kawai ke wasa, amma ya san ya shiga uku. Jirgin ba nasa ba ne, na yayansa Frane ne, ɗan ƙarami mai ƙyallen iska, wanda Frane ke lallaɓawa kamar jariri. Aro ya yi don ya kawo tsohuwa gonar gado a tsibiran Kornati ta tsinki ɓaurenta, yadda mu mutanen tsibirin Murter muka saba. Farantin solar da ke kan rufin ɗakin jirgin kuwa, Roko ne ya taka shi ya tsage tun tuni. Ya sayi sabo, ba a ce bai saya ba. Yana nan cikin kwalinsa ƙarƙashin gadon jirgin, yana jiran gobe. Ga firij ya kwana yana sanyaya wa gogan giya. Batir ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya miƙe ƙafa.

Nona ba shi take kallo ba. Can nesa, farin gajimare ya kwanta lif a kan dutsen Velebit.

"Ya sa hula," ta ce.

Duk wanda aka haifa a gaɓar nan ya san sauran zancen. In Velebit ya sa hula, muguwar iskar arewa na tafe, iskar nan da ba ta sallama. Lungun da suka jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi, kuwa bakinsa daidai inda take fitowa yake kallo, bayansu dutse ne tsirara mai kaifi. Yanzu ko ganye ba ya motsi, ƙyalle ba zai fitar da su ba. In ta iso kuma an gama, sai dai ta manna su da dutsen. Inji kaɗai zai fisshe su, inji kuma sai da batir.

Roko ya jawo kwalin, ya haye rufi da sukundireba. Gishirin teku ya cinye notunan tsohon farantin. Uku suka fito da rarrashi, na ƙarshe ya ce sam.

"Kana zagin sa ne ko kana kwance shi?"

"Duka biyun nake yi, Nona."

Ta miƙo masa kwalbar man zaitun. Ya ɗiga, ya jira, ya danna da dukan ƙarfinsa, notin ya juya yana kuka. Ya ɗora sabon, ya ɗaure, ya haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa. Da ya leƙa ɗaki sai ga 'yar fitilar mitar caji ta kawo kore.

"To. A bar shi ya sha rana. Kada ki kunna komai, ko rediyo. Zan hau tudu in nemi Frane, nan ba sabis."

Ya ƙulle waya a leda, ya yi iyo zuwa gaɓa, ya kama hawa cikin ƙaya. Sai da ya kai ƙoli sannan kira ya shiga. Frane ya saurara bai katse shi ba, abin da ya fi ihu ban tsoro.

"Ba mai fitowa da jirgi yau, kai ma ka ga hular. Ka fito min da Nona daga lungun nan. Jirgin kuma, in ka dawo ba shi, kada ka biyo ta ƙofar gidana."

"Haba yaya, ai sabon faranti na sa maka. Kyauta."

Frane ya kashe.

Tun daga rabin gangara Roko ya ga wani abu ba daidai ba. Farantin da ya bari yana walƙiya ya daina. Ya faɗa ruwa, ya haye jirgi yana haki, ya tsaya. Ɓaure ne. An tsaga kowanne biyu, an jera su reras, layi bayan layi, ba a bar ko tafin hannu na gilashin a buɗe ba. A ɗaki fitilar mita ta mutu.

"Nona. Me na ce miki?"

"Ka ce kada in kunna komai. Me na kunna?"

"Kin rufe masa ido."

"Cewa ka yi ya sha rana. Su ma ranar suke sha. Tun ina yarinya inda ya fi zafi nan nake shanya, wannan kuwa ya fi kowane dutse, ga santsi. Tsohon ma bara a kansa na yi, bai ce uffan ba."

Roko ya haye rufin. Ya sa hannu ya share ɓauren cikin zanen gabanta, ya goge danƙon da rigarsa. Kore ya dawo. Amma rana ta riga ta karkata, inuwar tudun ta sauko ta fara cin ruwa, tana rarrafowa wajen jirgin. Nona ta dubi inuwar, ta dubi Velebit, ta ajiye ɓauren.

Notunan da ya ɗaure ɗazu ya sake kwancewa. Ya yanko wayar tsohon farantin ya ƙara tsawo, ya kai kakarsa can goshin jirgi inda rana ta rage, ya ɗora mata farantin a cinya.

"Ki fuskantar da shi rana. Duk inda ta yi, ki bi ta."

"Ubanka ma na riƙe, ya fi wannan nauyi da rigima."

Suka zauna jira. Wajen bakin lungun, teku ta fara sauya launi, shuɗin ya yi duhu, can baya kuma fari-fari kamar hayaƙi. Iska ta farko ta shigo da sanyi, ta kaɗa igiyoyi, ta wuce. Ta biyu ta juya jirgin. Roko ya kai hannu kan makulli.

"Tukuna," in ji Nona, ba ta waiwayo ba.

Ya san gaskiyarta. Duk murɗawar da ba ta tayar ba, ta cinye abin da aka tara. Ya janye hannu. Inuwa ta haye bayan jirgi, ta rufe shi, ta bi rufi. Ƙarƙashin ruwa ya ji anka na jan ƙasa, gurr, gurr. Ya waiga. Dutsen ya matso har yana ganin ƙananan kaguwa na gudu a jikinsa.

Inuwa ta taɓa ƙafar Nona. Ta miƙe tsaye, tsohuwar da sai an kama ta take hawa matakala, ta ɗaga farantin sama da kanta, iska na neman fizge shi. Inuwa ta kai ƙugunta, ta kai kafaɗa.

"Yanzu, ɗan nan."

Ya murɗa. Injin ya ja numfashi kamar mai ciwon ƙirji, ya yi tari, ya yi kamar zai fasa, sannan ya kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

"Zo ki riƙe sitiyari!"

Ta rarrafo ta kama, shi kuma ya ruga gaba yana jan anka har tafinsa ya sale. Suka fita ta bakin lungun ruwa na marin su, jirgin na tsalle, suka zagaya bayan tsibirin inda tudu ya tare iskar. Nan ya sake jefa anka, ya bar injin na aiki, ya zube a rufi.

Nona ta tattaro ɓauren da suka tsira, ta ba shi ɗaya. Gishiri ya jiƙa shi. Ya cinye.

"Tsohon farantin nan," ta ce, "me za ka yi da shi?"

"Bola."

"A'a. Ka kai min gida, ka ɗora a kan katanga."