Kujeru Talatin, Kwalba Ɗaya

Kwale-kwalen bai gama tsayawa ba Lamsiya ta dira cikin ruwa, ta tattare zani, kwalbarta a hammata. Saura kwana uku a fara azumi. Shekara goma sha tara ke nan tana zuwa tsibirin nan kafin watan ya kama, ta share kabarin mijinta Tahil, ta zuba masa ruwa. Bara ce kaɗai ciwon ƙafa ya kwantar da ita, kuma a baran aka gina otal.

Yashin yana nan fari fat, har kashe ido yake. Amma inda ta san maƙabarta, kujerun kwanciya ne a jere, kowace da lemarta. Baƙi sun shafe jiki da mai sun miƙe, suna gasa kansu kamar kifi.

"Goggo Lamsiya? Wa ya kawo ki nan?"

Jukari ne, ɗan maƙwabciyarta, cikin rigar ma'aikata, da manjagarar share yashi a hannu.

"Ƙafata ta kawo ni. Ina kuka kai mamatanmu?"

"An ce an yi sanarwa, mai ɗan uwa ya zo ya kwashe."

"A ina aka yi ta? Kifaye aka yi wa?"

Ya ja ta zuwa rumfar da ake sayar da abin sha, ya nuna mata bango. Ƙananan jiragen ruwa na katako da mutanensu ke kafawa a kan kabari ne rataye, an goge su suna ƙyalli. Nan take ta gane na Tahil, jirgin nan mai karyayyen hanci. Ƙaninta ne ya sassaƙa shi ranar jana'iza. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

"Jiragen kawai muka cire, Goggo. Ba a tono kowa ba. Suna nan ƙasa."

"Muka?"

"'Ya'ya huɗu gare ni," in ji shi, idonsa a ƙasa.

"To, nuna mini wurinsa. A gindin wata karkatacciyar kwakwa yake."

"Sun sare ta. Wai kada 'ya'yanta su faɗo wa baƙo a ka."

"Kai da ka cire jirgin, ba ka tuna inda ka cire shi ba?"

"Wallahi sun fi arba'in. Kuma kullum da safe ni ke daidaita yashin." Ya waiga. "Ki yi sauri, don Allah. In manaja ya gan ki, aikina ya tafi."

Lamsiya ta dubi jeren. Ta ƙirga kujeru talatin. Tahil yana ƙarƙashin ɗaya, ba ta san wacce ba.

Ta buɗe kwalbar. A gindin kujerar farko ta ɗiga ruwa kaɗan, ta kira sunansa, ta yi addu'a. Ta matsa ta biyu. Wata baƙuwa ta janye takalmanta, wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hotonta yana murmushi. Ba ta kula su ba. Tana ɗigawa yashi na shanyewa, kafin ta kai kujera ta gaba ko alamar danshi babu. Ta riƙa rage hannu, tana toshe bakin kwalbar da yatsa.

A kujera ta goma sha bakwai ruwan ya ƙare. Ta girgiza kwalbar, ko ɗigo.

Ta tsaya tana duban sha ukun da suka rage. A bayanta Jukari yana biye da manjagara, yana share sawunta.