Shida da Rabi ta Tsoho Lovro

Da tsoho Lovro ya rasu, gida da gonar ciyawa da shanu huɗu duk babban ɗansa Ciril aka bar wa. Rezka, ƙanwarsa, abu ɗaya tak ta samu, wato tsohuwar bindigar farauta da ke rataye a bayan ƙofa. Kowa a ƙauyen ya ce Ciril ya kwashi rabo. Shi kuwa da za a tambaye shi, da ya ba da shanun har da igiyoyinsu a kan bindigar nan.

Ba wata bindigar a zo a gani ba ce. Siririya ce, gajeriya, ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu, harsashinta bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Maharba suna kiranta shida da rabi, saboda kaurin harsashinta milimita shida da rabi ne. Kakansu Gašper ne ya fara riƙe ta, ya bar wa Lovro, Lovro kuma ya yi shekara hamsin yana hawa duwatsu da ita bayan awakin dutse. Kullum maganarsa ɗaya ce: ƙaramin harsashi ba ya yafe ganganci, dole ka matsa kusa har ka ga abin da za ka kashe ido da ido.

Ciril ya ji wannan magana har ta gundure shi. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya sayo tasa, ƙatuwa mai madubin hange, wadda ke kai saƙo daga wannan dutse zuwa wancan. A kakar farko ma ta jawo masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Awakin dutse mace da namiji duk ƙaho gare su, daga nesa sai wanda ya ƙware ke rabe su. Ya hango wani a kan tsauni, ya ce bunsuru ne, ya sake masa wuta. Da ya isa wurin sai ya tarar da akuya, hantsarta cike da nono. A wurin maharba babu abin kunyar da ya kai wannan. Ya waiga gabas da yamma bai ga kowa ba, ya tura ta cikin kwazazzabon Mrzla, ya sauko gida ya ce wa ubansa ya yi kuskure bai samu ba. Lovro ya ce, “Yakan faru,” ya ci gaba da fasa itace. Maganar ta mutu a nan.

To, yanzu ga bindigar uban a kafaɗar Rezka. Rezka fa, wadda sai da ta haura arba'in, 'ya'yanta suka girma, sannan ta shiga ƙungiyar maharba. Ciril ba ya son ƙanwarsa da sharri, amma in ya gan ta da bindigar nan sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ƙyashi yake yi, ƙyashi na gaske, kuma ya san shi ne. Ya gaya wa kansa cewa ita ce ta yi jinyar tsohon a watanninsa na ƙarshe, ita ke ba shi miya a baki, ai ba wuya a juya marar lafiya.

Yana kuma da hujjar da yake riƙe da ita. A gindin ƙotar akwai farantin ƙarfe mai kusoshi biyu, a ƙarƙashinsa rami ne, a cikin ramin takarda a nannaɗe. Kowane mai bindigar yakan rubuta sunan magajinsa a kanta. Ranar da Ciril ya cika shekara goma sha shida, ubansa ya buɗe farantin a gabansa a kan teburin kicin, ya lashi bakin fensir, ya rubuta sunansa ƙarƙashin nasa. Da idonsa ya gani.

Wata Asabar a cikin kaka, bayan farautar safe, maharba suka taru a bukkarsu ta kan tudu. An shimfiɗa bunsurun da Rezka ta kashe a kan ɗanyun rassa, tsoho ne mai kaurin ƙaho, an sa masa ɗan reshe a baki kamar yadda aka saba, cinsa na ƙarshe. Baba Matevž, abokin Lovro tun ƙuruciya, ya tsoma wani reshen a jinin ya miƙa mata ta soke a hularta. Ciril bai samu komai ba ran nan. Ya zauna a ƙarshen benci yana yanka cuku kamar cukun ne ya yi masa laifi.

“Taku nawa, 'yata?” in ji Matevž.

“Ba su kai tamanin ba, Baba. Sa'a biyu ina rarrafe, gwiwoyina duk sun kwaile.”

“Harsashi ɗaya, bayan kafaɗa.” Tsohon ya girgiza kai yana murmushi. “Lovro sak. Da na hango ki a kan dutsen nan da hularki, sai da gabana ya faɗi, na zaci shi ne.”

Wani daga cikin maharban ya zuba barasa a ƙananan kofuna, ya dubi Ciril ya ce, “Kai kuma mai igwa, yau ba a ji ƙararka ba. Ko ka bar ta tana hutawa ne?”

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi kullum ce, amma ta sami Ciril ya riga ya cika ya yi fam. Ya soke wuƙarsa a kan tebur.

“Tunda ana maganar gado, Rezka, miƙo bindigar nan.”

“Me za ka yi da ita, Yaya?”

“Farantin zan buɗe. A karanta takardar a gaban mutane, kowa ya ji wanda Baba ya rubuta lokacin da yake da lafiyarsa da hankalinsa.”

Fuskar Rezka ta canza. Ta sa hannu biyu ta riƙe bindigar a cinyarta, ta yi ƙasa da murya. “Yaya, don Allah bari mu je gida. Mu biyu mu buɗe, babu kowa.”

Wannan ne ya ƙarasa shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, in ji shi a ransa. Ashe ta buɗe, ta gani, ta yi shiru da bakinta tana yawo da abin da ba nata ba.

“A gida? Kin sha yabo a gaban jama'a, gaskiya kuma sai a ɗaki?”

“Ciril,” in ji Matevž, “zauna ka sha abinka. Ba kowace tukunya ake buɗewa a kasuwa ba.”

“Baba, ka yi haƙuri, wannan maganar gidanmu ce.”

Rezka ta ɗaga bindigar daga cinyarta. Sannan ta zare harsasan ta zuba a aljihu, ta miƙa masa. Rabonsa da riƙe bindigar tun kafin jinyar uban. Ya ji ta a hannunsa sakayau, ga ƙamshin mai da na tabar tsohon, sai da idonsa ya yi zafi. Ya kwance kusoshin da bakin wuƙa, ya zaro takardar, ya warware ta a kan tebur. Ta yi ja don tsufa. Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

“Gašper. Ƙarƙashinsa Lovro. Ƙarƙashinsa kuma, ku saurara da kyau, Ci...”

Sunansa na nan, inda ya san shi. Sai dai an ja masa layi ɗaya a tsakiya, a miƙe, ba da fushi ba. A gefensa akwai ƙananan rubutu da fensirin nan dai, irin rubutun uban mai karkata hagu. An sa kwanan watan wata kaka ta shekara goma sha biyar baya, sannan aka rubuta: Kwazazzabon Mrzla. Ɗan akuyar ya kwana uku a bakin kwazazzabon yana kuka. Da wannan bindiga na hutar da shi. A can ƙasa sunan Rezka ne, da kwanan watan bara.

Ciril ya sake bin rubutun da ido. Shekara goma sha biyar shi da ubansa suna cin abinci a teburi ɗaya, suna hawa dutse tare, tsohon yana miƙa masa burodi da hannunsa, bai taɓa ko yi masa kallon da zai gane ba.

“Ci gaba mana, mai igwa,” in ji mai barasar. “Ka tsaya a Ci.”

Matevž ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Shi bai tambaya ba.

Rezka ta miƙe ta zare takardar daga ƙarƙashin hannun wanta a hankali. Ta kai ta kusa da ido, ta nesanta ta, ta yi tsaki.

“Danshi ya cinye rubutun,” ta ce. “Dama Baba rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Babu abin da ke fita a nan.”

Ta nannaɗe ta, ta mayar cikin ramin, ta ɗora farantin, ta miƙa wa Ciril wuƙarsa. “Yaya, ɗaure min kusoshin, hannunka ya fi nawa ƙarfi.”

Ya ɗaure su, ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata ya ji godiya, ya san haka, ya kuma laluba a zuciyarsa bai same ta ba. Abin da ya tarar shi ne ƙyashin nan dai, ya ma ƙara nauyi. Ya dubi yadda ta koma ta zauna tana yanka burodi kamar babu abin da ya faru, ta yanko yanki ta tura masa gabansa ba tare da ta ɗago kai ba. Ba bindigar kaɗai ta gada ba, har shirun tsohon ita aka bar wa.

Ya miƙa mata bindigar ta wajen ƙota, yadda uban ya koya musu.