Rabon Akoko

Da za mu shiga mota, Dada ta rungume ni, hannunta ya sauka kan ƙuguna yana lalube. Ta laluba dama, ta laluba hagu, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ina 'yar'uwarki?"

"Tana cikin akwati, Dada. Biki ya gajiyar da ita."

"Cikin akwati," in ji mahaifiyata. Ta gyara mini ɗankwali da bai karkace ba, ta ja da baya.

Akoko abokiyar tagwaitakata ce. Muna 'yan firamare zazzaɓi ya kwantar da mu kan tabarma ɗaya, ni na tashi, ita ta tafi daji neman itace. Haka ake faɗa, ba a faɗar ɗayar kalmar. Masassaƙi ya sassaƙa mana siffarta da itace, 'yar mitsitsiya, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, kuma tun daga ranar take soke a bakin zanina, kanta a waje don ta ga hanya. Lomar farko tata ce. In za a yi mini ɗinki, tela ya san zai rage ƙyalle. Ko farin leshin da na shiga coci da shi jiya, an ɗinka mata nata. Kowane yaro a Lome ya san dalili: ɗan tagwayen da aka hana rabonsa yakan dawo ya kama hannun ɗan'uwansa su tafi tare.

Na san haka sarai. Duk da haka na naɗe ta a tawul da hannuna, na sa ta ƙarƙashin kaya, na ja zif. Abu ɗaya rak nake so a duniya wanda ba za a gutsura wa kowa ba, ga shi nan zaune gefena a mota yana fama da maɓallin wuyan rigarsa. Selom, mijina tun jiya.

Otal ɗin yana tsakiyar gari, dogon gini na gilas da muka saba wucewa a kan acaɓa muna ɗaga kai. Ban taɓa zaton ƙafata za ta taka dakalinsa ba. Ciki sanyi, ga wani ƙamshi kamar an matse lemon tsami a kan sabon littafi. Matar da ke karɓar baƙi ta yi mana murmushi.

"Mutum nawa?"

"Biyu," in ji Selom, yana wani ɗaga kafaɗa.

Bakina ya riga ya buɗe da wata amsa daban. Na rufe shi.

Ɗakinmu yana can sama, inda motoci suka koma ƙwari, teku kuma ya kwanta a bayan rufin gidaje kamar shuɗin zanen da aka shanya. An watsa jajayen furanni a kan gado.

"Fo Selom," na ce, yadda muke kiran yaya namiji a wajenmu, "wannan gado ne ko fili? In muka yi faɗa sai ka hau acaɓa kafin ka zo biko."

"Faɗa da wa? Ni da kawunanki suka gasa a rana kamar kifi? Yarinya, ko marina kika yi sai in ce Allah ya ƙara wa hannun lafiya."

"Za mu gani."

"Madam, zo ki ga banɗaki. Ya fi ɗakina na haya girma."

Komai na ɗakin bibbiyu ne. Rigunan wanka biyu, silifa biyu, kofuna biyu masu dogon wuya. Wanda ya shirya wurin nan bai bar gurbin mutum na uku ba, kuma na ji daɗin haka har cikin ƙashina, na kuma ji kunyar jin daɗin. Na tura akwatina cikin kabad na rufe.

An ajiye mana ɗan kek a faranti. Selom ya yanko ya miƙo mini. Kafin in ankara yatsuna sun tsinke gefensa sun nufi ƙuguna, kamar yadda suka saba. Na tsayar da su a hanya. Na haɗa da gutsuren na kai baki gaba ɗaya.

Wayyo, daɗi! Ashe haka abu yake in ba a rage shi ba. Sai dai ya tsaya mini a maƙogwaro, sai da na kora da ruwa.

A gidanmu madubi ɗaya ne, ɗan ƙarami da ba ya nuna fuska da wuya a lokaci guda. A nan kuwa bango guda madubi ne. Da Selom ya rungume ni a tsakiyar ɗaki, na ɗora haɓata a kafaɗarsa, sai na ga wata mata tsaye tana kallonmu. Doguwa, mai wushirya, da leshin biki. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda Akoko za ta zama in ta girma ba. Ga ta nan. Ba ta ɓata rai ba. Kallo kawai take yi, irin kallon yaron da ake cin abinci a gabansa.

Na rufe ido na ƙanƙame mijina.

"Kai, a hankali," ya ce yana dariya. "Ba inda za ni."

Washegari da safe muka sauka karin kumallo. Dogayen tebura cike da abubuwan da rabinsu ban san sunansu ba, sai can ƙarshe, kamar baƙon ƙauye a taron manya, ga tukunyar wake da manja, da garin rogo a gefe. Abincin tagwaye. Na kau da kai zan wuce, sai mutumin da ke zubawa ya washe baki.

"Madam, kin dawo ƙari? Na ce miki waken yau ya yi."

"Yanzu na sauko."

Ya dube ni, ya dubi Selom, ya sosa ƙeya da bayan ludayi. "To, ki yi haƙuri. Ashe wata ce. Amma kama har kama."

Selom ya tuntsire da dariya. "Ka ji asiri ya tonu! Shi ya sa da asuba na gan ki tsaye bakin taga, na yi magana kika yi banza da ni. Ashe shirin satar hanya kike ki zo ki ci wake ba da ni ba."

"Ni? Ban tashi ba."

"Kin tashi mana. Kin dafa gilas kina kallon teku."

Na ɗauki burodi da ƙwai na zauna. Ban iya tuna ko na ci ba.

Kafin rana ta take tsaka, sanyi ya shige ni. Na ce na'urar sanyaya ɗaki ce, Selom ya kashe ta. Na ce gajiyar biki ce, ya lulluɓe ni da bargo ya haɗa da rigar wankansa. Haƙorana suka ci gaba da haɗuwa. Na san wannan zazzaɓin. Na san yadda yake farawa daga bayan gwiwa, yadda yake sa harshe ɗanɗanon ƙarfe. Tun ina yarinya bai sake ziyartata ba, amma na gane shi kamar yadda ake gane takun ɗan gida. Hannuna na hagu ya yi nauyi, ya yi ɗumi, kamar an riƙe shi.

Selom ya taɓa goshina ya janye. "Tashi mu je asibiti."

"Ba na asibiti ba ne."

Ya tsaya. Idonsa ya zagaya ɗakin: kan tebur, gefen gado, jakata da ke rataye. Sannan ya dawo kaina, muryarsa ta sauka.

"Akwele, ina ƙanwata?"

Na nuna kabad da ido.

"Tun jiya?"

Kuka ya ƙwace mini. "Komai nawa rabi ne, Fo. Alewa rabi, zani rabi. Ko Dada in ta dube ni, rabin kallon na wata ne. To kai fa? Ta ina zan yanka ka? Ce mini ta ina!"

Ya buɗe kabad, ya janyo akwati, ya zuge. Ya kwance tawul a hankali kamar mai buɗe jariri. Ga Akoko da 'yar rigar leshinta duk ta yamutse. Ya miƙar da rigar da ɗan yatsa, ya zaunar da ita kan babbar kujerar da ke fuskantar ƙofa, ya tokare ta da matashi.

"Sannu, Akoko. Kin sha zafi. Wannan yayar taki ba ta da kirki, ni ma yanzu nake gane halinta."

Ya ɗauki wayar ɗaki. "Wake da manja, faranti ɗaya. A'a, ba kaza. Ba salak. Malam, wake kawai, ka cika manjan."

Aka kawo shi a kan keken turawa, an rufe da murfin azurfa kamar abincin sarki. Selom ya ɗebo da yatsa ya shafa mata a baki, manjan ya gangaro kan farin leshi. Ya tsuguna a gabanta ya daɗe, hannunsa dafe da haɓa. Ni kuwa rawar jikina ba ta ragu ba.

"Ba waken ba ne," ya ce can. "Ranar da muka je ƙwanƙwasa ƙofarku neman aurenki, wa na bari? Babanki na durƙusa masa. Kawunanki kowa ya karɓi kwalbarsa. Gwaggonki mai kurman kunne sai da na maimaita mata sunana har muryata ta dishe. Ita wannan tana ƙugunki tana kallona, ban ce mata uffan ba. Wadda kuka kwana ciki ɗaya! Na zo na ɗauke mata ke kamar kayan da aka tsinta a hanya."

Ya miƙe, ya tura rigarsa cikin wando, ya ɗauki kwalbar da otal suka ajiye mana wadda ba mu buɗe ba.

"Ina za ka?"

"Neman aure."

Ya fita ba takalmi, ƙofa ta rufe a bayansa da ɗan ƙara. Katin buɗewa yana kan tebur. Muka rage mu biyu a ɗakin, ni a gado, ita a kujera, hasken rana ya zubo tsakaninmu.

Aka ƙwanƙwasa.

"Agoo!" Sallamar mai neman izinin shiga.

Ni ya kamata in amsa mata, kamar yadda na saba amsa mata gaisuwar mutane tun muna yara. Na buɗe baki zan amsa. Ko numfashi bai fita ba.

"Yauwa, na gode," in ji Selom daga waje. "Na same ku lafiya?"

Har yau ban tambaye shi abin da ya ji ba.

"Sunana Selom, ɗan gidan Agbeko," ya ci gaba, ba alamar wasa a muryarsa. "Na ga wani fure a gidanku, na zo roƙo. Na makara, na sani, a yi mini afuwa. Zancen gaskiya, Akoko, ni ba na rabuwa biyu. Ko an raba ni ba abin da za ki samu sai ƙashi da minshari. Amma gidana gidanki ne. Lomar farko taki ce har abada. 'Ya'yanmu za su san suna da uwa ƙarama. Ita dai nake roƙo ki bar mini. Ki sakar mata hannu."

Wata ƙofa ta buɗe a can gefe, na ji wani yana tambayarsa ko lafiya. "Lafiya lau, wajen surukaina na zo," ya ce.

Na sauko daga gado, bargo na jan ƙasa. Na durƙusa gaban kujera har idona ya daidaita da nata, 'yan ramukan nan biyu da masassaƙi ya huda, waɗanda ba su taɓa ƙiftawa ba. Na tuna yadda take sa ƙafarta mai sanyi tsakanin nawa in za mu yi barci. Na tuna ita ce mai tsoron kare, ni nake shiga gaba.

"Akoko," na ce, muryata kamar ta wata. "Ba abin da na taɓa hana ki. In kin ce numfashina, kin san rabinsa naki ne. Amma wannan ba zan raba ba. Nawa ne ni kaɗai. In tafiya da ni za ki yi a kan haka, to ga ni, amma ba zan ce miki na fasa ba."

Na jira. Na ba ta hannuna na hagu a buɗe a kan matashi, na jira da gaske. Can ƙasa motoci na ta oda, ba abin da ya dame su. Wani ɗigon gumi ya taso daga tsakiyar kaina, ya bi ta bayan kunne, ya gangara wuya. Ban san ko amsa ba ce. Zazzaɓi yakan yi haka in zai tafi, yakan kuma yi haka in zai dawo da ƙarfi.

Na tashi da kyar, na dafa bango har ƙofa, na buɗe. Yana durƙushe a kan dardumar baranda, riƙe da kwalba da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

"Me ta ce?"

"Tana tunani."

Ya gyaɗa kai. "Halin gidanku ne, ba ku ba da mace ran farko. Ba komai, zan jira a nan."

Na damƙi wuyan rigarsa. "Ita ce ke tunani. Ni na gama nawa."

Na janyo shi ciki. Ƙofar ta biyo bayanmu a hankali, irin yadda ƙofofin otal suke rufe kansu. Saura kaɗan ta haɗe sai ta tsaya, gwargwadon inda ƙaramar yarinya za ta iya raɓawa ta wuce. Ta ɗan jima a haka. Sannan ta rufe.