Ranar da Kaka Stamatiya Ta Ƙi Fita

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami. Ni karatu kawai na iya, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma abin da ya faru ranar Talata ya hana ni sakat.

A tsibirinmu ba a gaya wa mara lafiya cewa ciwon daji ne da shi. Likita yakan ja babban ɗa zuwa baranda, su yi ƙus-ƙus, a dawo a ce gyambon ciki ne.

Kakata Stamatiya ta yi wata uku tana ramewa, har aka yi mata gwaji aka aika da shi Atina, babban birni. Da hunturu jirgin ruwa sau ɗaya yake zuwa a mako, shi ma in teku ta yarda. Don haka aka ce wata ƙwararriyar likita daga can za ta gan mu ta allon kwamfuta, a ɗakin shan magani na ƙauye.

Tun a hanya babban ɗanta, Kawu Lefteris, ya ja ni gefe. "Argiro, da an gama gaisuwa, ki fita da ita ku sha iska. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Nas ta kunna allo, Likita Evantiya ta bayyana da takarda a hannu. Kaka ta dire kwalbar man zaitun a kan tebur, don ba ta zuwa wurin likita hannu rabbana.

"Mama, ta ina za ta karɓa?" in ji Kawu.

"Rufe mini baki, sarkin wayo."

Likita ta yi dariya, sannan ta ce sakamako ya fito. Kawu ya yi gyaran murya, ya harare ni. Na ƙura wa takalmina ido, na ƙi motsi.

"Likita," in ji Kawu, "ko za mu ɗan keɓe, ni da ke?"

"Ku keɓe a ina?" in ji Kaka. "Cikin akwatin za ka shiga? Da ni aka yi wa ubanka wannan wasan. Ina dafa masa romo ina ce masa gyambo ne, har ya tafi bai shirya da ƙaninsa ba, yana cewa sai ya warke. Ba za a yi mini ba." Ta matsa kusa da allo. "'Yata, cikin nan nawa ne ko na Lefteris?"

"Naki ne, Mama."

"To faɗa mini sunan abin."

"Duka kike so ki ji?"

"Duka."

"Ciwon daji ne, a hanji. Bai yi nisa ba, ana iya yin aiki. Amma sai kin zo Atina, kuma za ki sha wuya."

Nas ta yi alamar gicciye. Kawu ya zube a kujera, ya rufe fuska.

"Wa zai yanka?" in ji Kaka. "Ke?"

"Ni da abokan aikina."

"Nuna mini hannuwanki."

Likita ta ɗaga su a gaban allo. Kaka ta daɗe tana dubawa, kamar mai zaɓen kifi a bakin teku.

"Ba sa rawa. Ba laifi. Lefteris, goge hancinka ka samo biro, ka rubuta abin da za ta faɗa. Ci gaba, 'yata, ina jin ki."

Kawu yana laluben aljihu, nas tana neman takarda. Kafin ya tuna da wadda ta ƙi bin umarninsa, na murɗa ƙofa a hankali na sulale.