Yatsun Umaima

"Likita, ku ɗebi tawa mana," in ji Bushira, har ta fara naɗe hannun riga. "Ga fata nan a jikina, ba abin da nake yi da ita."

Likitan da ya zo Haɗeja daga Kano ya girgiza kai. Fatar wani ba ta kama jikin wani, ko da uwa ce. Daga cinyar yarinyar za a yanko, a shimfiɗa mata a tafi bayan an buɗe yatsun.

Umaima, 'yar shekara biyar, tana zaune a bakin gado, hannun dama a dunƙule kamar mai ɓoye alewa. Bara da kaka, a gidansu na Auyo, ta faɗa tulin buntun da uwarta ke turara shinkafa da shi. Sama toka, ƙasa wuta. A asibiti aka ɗaure hannun a kan ɗan katako, aka ce kada a kwance, don yatsun su warke a miƙe. Yarinya ta yi ta kuka har muryarta ta dishe, amma da zarar an cire katakon ta naɗe yatsun, sai ta yi shiru. Bushira ta cire mata, ta ce na yau kaɗai. Washegari ma haka ta ce. Da fatar ta warke, sai ta liƙe yatsu da tafi.

Garba, mijinta, har yau ma'aikatan asibiti yake zagi a majalisa, kuma Garba in ya samu wanda zai zaga ba ya ƙara bincike. Ba ta taɓa gyara masa zancen ba. Abin yana cin ta, ko shinkafa ta gani a tukunya sai ta kau da kai.

Aka yi aikin, fata ta kama. Ranar sallama Sista Comfort ta zaunar da Bushira, ta nuna mata yadda za ta shafa mai, ta miƙar da kowane yatsa safe da yamma, sannan ta mayar da katako.

"Za ta yi kuka, Maman Umaima," in ji ta. "In kin ji tausayinta hannun zai sake rufewa. Likita ya ce aiki na biyu ba ya kyau kamar na farko."

Bushira ta sunkuyar da kai, ta ce to.

Da la'asar a tsakar gida ta ɗora Umaima a cinya, ta matse ta da gwiwa, ta kama babban yatsa ta ja a hankali. Ihun ya kai bayan katanga. Garba ya shigo da laka har gwiwa, daga fadama yake.

"Ke wai ba ki da imani ne?" ya ce. "Ƙyale ta haka. Katakon ma a bar shi, na yau kaɗai."

Ba ta ko ɗaga kai ba. Hawayenta na ɗiga a kan sabuwar fatar, ta share da gefen mayafi, ta ci gaba da jan yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ba na son ki," in ji Umaima cikin shessheƙa. "Umma muguwa ce. Baba, ka ƙwace ni."

"Na ji," in ji Bushira. "Saura ƙaramin."