Motar da Ta Kaɗe Baba Tamba

"Ku jawo shi waje! A kawo fetur!"

Kafin in kutsa cikin taron, samari sun riga sun kewaye motar suna dukan gilas. Baba Tamba, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu a Gwadangaji, yana kwance a kan fararen layukan da aka zana domin masu tsallaka titi. Buhun irin shinkafar da zai kai gonarsa ta Zauro ya fashe, ƙafarsa ta dama kuma ta karye ta juya. Ba mai kallonsa. Kowa direban yake so.

Na tsayar da keke napep, mai shi yana ganin jini ya ƙara wuta.

"Jama'a!" na ɗaga murya. "In kunka ƙone motar ga, da mi za mu kai shi asibiti?"

Masu dukan gilas suka waiwayo. Ban jira su sake shawara ba, na kama kafaɗun tsohon, wani mai shayi ya kama ƙafafu, muka sa shi a kujerar baya ta motar da ta kaɗe shi. Wani ya jefi bayan motar da dutse muna tashi.

Direban saurayi ne, cikin kayan zuwa ofis. Sunansa Nasrullahi, daga baya na ji. Yana ta ratsa babura da gudu yana salati.

Baba Tamba ya buɗe ido, kansa a cinyata.

"Sunusi," ya ce da ƙyar, "ce ma yaron ga ya tahi sannu. Kar ya ƙara da wani."

A asibiti likita ya ce ba ƙafar ce abin tsoro ba, jini ne ke zuba a ciki, sai an yi aiki. Nu'uman, babban ɗan Baba Tamba, ya iso daga Argungu ido jajur, yana rantsuwa sai kotu ta karɓo wa mahaifinsa haƙƙinsa.

Washegari kawun direban ya zo da babbar riga da ƙamshin turare. Ya ja ni gefen baranda.

"Malam Sunusi, kai ka ɗauke shi, kai za a tambaya. Tsoho na, ganinai ya yi rauni. Ka ce nesa da layin ya faɗo titi. Mu za mu ɗauki nauyin aikin duka. Amma in anka tahi kotu, to sai ku jira kotu ta yi mai aiki."

Ta taga ina hango Inna Laure, matar Baba Tamba, tana yi masa fifita da gefen mayafi. Na san abin da ke gidan, na san ba zai kai ko ƙofar ɗakin tiyata ba. Nu'uman ya matso, ya ji ƙarshen maganar, ya cakumi wuyan babbar rigar.

"Ubana kake ciniki?"

"Kawu, bari."

Nasrullahi ne. Ya fito daga ɗakin da aka ɗebi jininsa domin tsohon, auduga na manne a hannunsa.

"Bisa layin yake. Ya ma ɗaga min hannu. Waya nike dubawa. Haka zan faɗa ma 'yan sanda."

Kawun ya fizge rigarsa, ya dube shi sama da ƙasa, ya fice.

Nasrullahi ya sa hannu zai biya kuɗin aikin da kansa, amma Baba Tamba bai jira ba. Ana kiran la'asar ya nemi a juya shi gabas. Inna Laure ce ta rufe masa ido.

Maganar diyya ta je gaban alƙali daga baya, kuma Nasrullahi bai sauya ko kalma ɗaya ba. Amma ni ranar addu'ar uku na fi tunawa. Ya zo shi kaɗai, ya zauna a ƙarshen tabarma a ƙofar gida, cikin rana. Ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya amsa gaisuwarsa da ƙarfi. Can aka miƙo kwanon ruwan randa daga zaure, aka ce Inna Laure ta ce a ba baƙon.

Kwanon ya faɗo hannun Nu'uman. Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa, daidai inda hannun Nasrullahi zai kai, ya kau da fuskarsa wajen titi.