Miyar Harlan da Farar Rigar Shugaba

Shekara ashirin da biyu Harlan Skaggs yana dafa miyar cili, ta niƙaƙƙen nama da barkono, a bikin 'yan kwana-kwanan sa-kai na garinsu, can cikin tsaunukan West Virginia ta Amurka, kuma a iya saninsa ba ta taɓa kashe kowa ba. Sai ga shi bana Royce Mullins, shugaban kwamitin bikin, ya ce lokaci ya yi da za a ci gaba. Ci gaban kuwa shi ne sabon shagon abincin gaggawa na bakin babbar hanya, wanda ya yi alkawarin kawo hotdog ɗari shida a naɗe, wato dogon burodi mai nama a tsakiya, har da miyarsu a kai, ba sai kowa ya wanke tukunya ba.

Don kada a ce an zalunci Harlan, Royce ya ce su je su ɗanɗana kafin a ƙwace masa tukunyar. Suka tafi ranar Lahadi bayan an tashi daga coci: Royce da farar rigarsa mai sitaci, Harlan, da Darlene, ƙanwar matar Harlan, sakatariyar kwamiti.

Harlan ya buɗe takardar hotdog ɗinsa kamar mai duba gawa. Burodin ba a turara shi ba, ya bushe a gefe, ya jiƙe a tsakiya. Kwaɗon kabejin da ake ɗorawa a sama ruwa yake tsiyayarwa. Miyar kuwa, naman an soya shi ne tukuna, ya dunƙule guda-guda kamar tsakuwa, yana iyo cikin jan mai. Kowa ya san ɗanyen niƙaƙƙen nama ake zubawa a ruwan sanyi, a murje shi da hannu har ya yi laushin kunu, sannan a bar shi awa huɗu a ƙaramar wuta. Ya sa tsinke ya tono wani abu, ya ɗaga shi sama.

"Darlene, mene ne wannan?"

"Wake ne mana, yaya."

"Wake. A kan hotdog. Ranar Lahadi."

"Haba dattijo, ci dai," in ji Royce, bakinsa cike. "Ba aure aka ce ka yi da ita ba."

Harlan ya gatsa. Zaƙin sukari ya fara zuwa, sai gishiri, sai wani ɗanɗano kamar an lashi cikin gwangwani. Barkono ko ƙanshinsa babu. Man ya liƙe masa a dasashi. Ya haɗiye ne kawai saboda mahaifiyarsa ta hana shi tofar da abinci a gaban mutane.

"Ni fa ban ga laifinta ba," in ji Darlene, tana lashe yatsa.

"Ke ai har kifin gwangwani kike sa wa cuku."

"To, tunda abin faɗar gaskiya ne, yaya, taka miyar wuta ce. Mijina kankare ta yake yi da cokali in ka juya baya."

"Ni da maganin ƙwannafi nake zuwa biki," Royce ya ƙara. "Rabin garin nan haka suke. Kunya ce ta hana a gaya maka."

Shekara ashirin da biyu ana buga wa Harlan kafaɗa ana cewa hannunsa daban ne, ashe da ƙwaya a aljihu ake yabon. Ya ga tukunyarsa tana komawa bayan gareji, kaji suna kwana a ciki.

Royce ya miƙe da hotdog na biyu a hannu, zai je ya sanar da manajan shagon an amince. Ya karkata kai ya gatsa a tsaye. Sai miyar ta zame gaba ɗaya ta ɗaya ƙarshen, nama da wake da jan mai, ta sauka a ƙirjin farar rigar, ta gangara a natse har zuwa bel. Ƙwayar wake ɗaya ta tsaya a bakin aljihu.

"Wayyo, Shugaba!" in ji Darlene. "Matarka Peggy za ta yanka ka. Jiya ta goge ta."

Royce ya sa takarda ya goge, tabon ya ninka.

Harlan bai yi dariya ba. Ya tura nasa gefe ya ce, "A biki babu teburi, Shugaba. A tsaye ake ci. Mutum ɗari shida, kuma 'yan kwamitinka duk sanye da fararen riguna, kafin a ɗauki hoto. A shekara ashirin da biyu, tawa ta taɓa faɗo wa wani?"

Royce ya dubi ƙirjinsa, ya dubi Darlene. Ita ma ta yi tunani, ta girgiza kai.

"Gaskiya, taka ba ta motsi," in ji Royce. "Inda aka sa ta, nan take zama. Har a ciki ma. To shi ke nan, tukunya taka ce. Amma don girman Allah, Harlan, ka rage barkono."

Harlan ya ce to.

Haka ya tsira da tukunyarsa, ba don daɗi ba, sai don miyarsa tana da halin gam. Bakinsa na ta ɗanɗanon gwangwani har cikin mota. A hanyar gida ya tsaya a kanti ya sayi ruwan kurkure baki, da barkono ninki biyu na bara.